Ɓauren bakin gulbi

Shekarun baya, lokacin da aka samu mulkin kai, ina 'yar budurwa a ƙauyenmu kusa da Tibiri. Gyaɗa ce ke tashe, kowa na neman faɗaɗa gona. Mahaifina ma ya ce sai ya sare ɓauren da ke ƙarshen gonarmu, bakin gulbi, don inuwarsa na hana shuka yin kyau.

Ni da ƙawata ba mu ji daɗi ba, don nan muke hutawa in mun je ɗiban ruwa. Bayan damina gulbi yakan janye ya bar rairayi, amma ƙarƙashin ɓauren ruwa na daɗewa da sanyinsa. Ƙawata ta lura duk ɗan ɓauren da ya faɗa ruwa, tarwaɗa ke cafke shi.

"Hau ki girgiza, ni in tare da kwando," in ji ta.

Na hau ina ji da kaina. Na girgiza reshe, 'ya'ya suka zuba, ruwa ya fara motsi. Garin leƙen kifi sai ni ma na bi su. Ba zurfi, amma laka ta riƙe ni, sai da na kama saiwa na fito, ɗankwali ya tafi. Ƙawata na dariya har da hawaye, ga kwando ya yi nauyi. Ashe faɗuwata ce ta koro kifin ciki.

A gida Inna ta dubi laka, ta dubi kifi, ta rasa faɗa za ta yi ko godiya. Da maraice Baba ya ci tuwo da miyar kifin, ya tambayi inda aka samo shi. Na faɗa mashi.

"Malam, icen da za ka sare ne ya yi maka miyar nan," in ji Inna. "Shi ke ciyar da kifin, inuwarsa ke hana ruwan ƙafewa, saiwarsa ke riƙe da gonarka."

Baba ya kai wata loma.

"A ƙaro miya," ya ce. "Gatarin ma dama na aro ne."

Ɓauren ya rayu har na aurar da ɗiyata ta fari. Inda aka sare itacen gaɓa kuwa, gulbi ya yi ta gutsurar gona damina bayan damina. Tun lokacin na san ice da ruwa maƙwabta ne, in ɗaya ya tashi, ɗayan ba ya daɗewa. Ni da ƙawata duk mun tsufa, amma har yau takan gaya wa jikokina cewa ita ce mai kamun kifi, ni kuwa dutsen da aka jefa ce.