Akushi Ne Zai Yi Yawo

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta da rahama. Kowace kaka, idan aka gama cire wake, sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, in ɗauki biro in sake ajiyewa. Wannan karon dai ban ajiye ba, don na dawo daga gidanmu na Yekuwa da abin da ba zan iya riƙewa ni kaɗai ba.

Ba a maganar Inna ba tare da an ambaci Isuhu ba. Shi ne autanmu. Yanzu ya haura arba'in, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma ba ya iya dafa wa kansa ko ruwan zafi. Ba ya kallon mutum a ido, ba ya son a taɓa kansa, ƙarar injin niƙa kuwa sai ta sa ya toshe kunne yana jijjiga jiki. Magana ba ta dame shi ba, abin da aka faɗa masa shi yake maimaitawa, da irin muryar wanda ya faɗa. Masu ilimin abin suna ce wa larurar galahanga. A garinmu wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu. Inna cewa take yi haka Allah Ya ba ta shi, kuma duk wanda ya kira shi gaula a gabanta zai gwammace bai fito daga gida ba ranar.

Abu ɗaya ne ya hana Inna sakewa duk rayuwarta: ina za a kai Isuhu idan ta mutu? Ta san abin da ake yi wa irinsa. Ta ga wanda aka yi ta yawo da shi daga gidan wannan ɗan'uwa zuwa na wancan har ya bi daji. Ta ga wanda aka kai gidan mari aka dawo da shi da tabo a ƙwauri.

Shekaru kaɗan kafin rasuwarta, tana da ƙarfinta, tana daka da surfe da hannunta, sai ta tashi wata safiya ta ce ta sauke tukunya. Daga ranar, in ji ta, Rabi matar Yaya Sani da sauran matan gidan biyu su ne za su riƙa dafa wa Isuhu, kowacce da ranarta, a zuba a baƙin akushin nan nasa mai tsage a baki wanda aka ɗinke da waya. Gari ya ɗauka. Aka ce tsohuwa ta gaji da ɗanta ta jibga wa surukai. Labari ya iske ni a Magariya inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na hau kabu-kabu raina a ɓace, ban ko huta ba na ce, "Haba Inna! Ke da ba ki yarda kowa ya ba shi ko ruwa?"

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ina son in ga cikinsa ya saba da hannun wasu tun ina da ran gyara musu. In na kwanta dama, wa zai ce musu ba haka ake yi ba?"

Aikin bai zo da sauƙi ba. Rabi, baiwar Allah, ta tuƙa tuwo mai laushi ta malala masa miya a kai kamar yadda ake yi wa kowane mutum mai daraja, akushi ya dawo ko lakuta ba a yi ba. Isuhu ba ya cin tuwon da miya ta taɓa. Ta sake, ta kawo miya daban, amma ta tsaya a kansa tana lallashi, nan ma ya juya mata baya. Rabi ta zauna a bakin murhu ta yi kuka. Inna kuwa tana zaune a ƙofar ɗaki, ɗanta na jin yunwa a gabanta, itace ga shi nan a jibge, amma ta ƙi hura wuta. Ni da na gani da idona na san abin da ya ci mata. A hankali ta koya musu: a yi sallama sau ɗaya, a ajiye akushi a damansa, kada a kalle shi, a ce, "Auta, ci a hankali, ba mai ƙwace maka," sannan a ja da baya. Kafin damina ta zagayo, Isuhu na cin girkin mata uku.

Da Inna ta rasu, gida ya cika maƙil da ƴan zaman makoki. Abinci na shigowa ta ko'ina, tire bisa tire, kowa na tura wa Isuhu nasa don tausayi, kowa na shafa kansa yana cewa ya yi haƙuri. Ya ƙi ci ƙememe. Ya shige ƙuryar ɗaki yana buga goshi da bango. Da abin ya ɗauki kwanaki, Kawu Mamman, ƙanen babanmu, ya tara mu ya ce yaron nan ya fi ƙarfinmu, gobe a ɗaure amalanke a kai shi wurin wani malami mai mari a hayin iyakar ƙasa. Ban ga laifin tsoron Kawu ba, mu ma hankalinmu ya tashi. Yaya Sani ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, Inna ta bar mana magana. Ta ce akushi ne zai yi yawo, Isuhu ba ya zuwa ko'ina."

Kawu ya ce, "To ina akushin?"

Sai muka kalli juna. A cikin hidimar makoki an haɗa shi da kwanonin jama'a, ba wanda ya tuna da shi. Rabi ce ta miƙe, ta tono shi a ƙarƙashin tulin wanke-wanke, ta tuƙa ɗan tuwo, ta roƙi mata su koma bayan danga. Muna laɓe muna jin ta. Ta yi sallama sau ɗaya, ta ajiye, ta faɗi maganar nan da Inna ta koya musu, ta fito. Can sai muka ji ƙarar murfin akushi. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Washegari ba a ɗaure amalanke ba, Kawu kuma bai sake tayar da zancen ba har Allah Ya karɓi ransa.

Yanzu abubuwa sun ɗan sauya. Na taɓa ziyartar wani gida a Damagaram da aka buɗe don kula da manya masu irin larurar Isuhu. Na ga tsabta, na ga gadaje da gidan sauro, ba sarƙa ba bulala, na kuma yi wa masu aikin addu'a har cikin zuciyata, don ba kowa ke da Rabi a gidansu ba. Ina yawan tambayar kaina me Inna za ta ce da ta ga wurin. Na tabbata fentin bango ba zai ɗauke mata hankali ba. Za ta nemi mai rabon abinci ta tambaye ta: wancan na bakin taga, me yake tsoro? Wa ya san yadda yake son tuwonsa? In ke kika bar aikin nan gobe, kin koya wa wata? Idan aka ba ta amsa za ta sa albarka, idan aka yi shiru kuwa, to ranar sai an ji bakinta har titi. Gidajen mari ma ba su ƙare ba a ƙauyukanmu, kuma ba na ɓoye cewa abin na ƙona mini rai.

Isuhu dai yana ɗakinsa, tabarmarsa na nan inda Inna ta shimfiɗa ta farko. Da hantsi yana zama a inuwar bishiyar dogon yaro yana tsince wake, mai huji gefe guda, mai kyau gefe guda, kuma matan unguwa har rububin kawo masa nasu suke yi don ba ya barin ko ƙwaya ɗaya ta wuce. Ya yi ƙiba, alhamdu lillahi.

A zuwan nan nawa na ƙarshe, na tarar da Rabi zaune a ƙofar ɗaki da carbi, murhunta a sanyaye, Hadiza matar ɗanta kuma na tsaye da baƙin akushi idanunta sun yi ja. An dawo da shi ba a taɓa ba. Ashe Rabi ta sauke tukunya, ita da ko ciwon kai ba ta yi. Na buɗe baki zan ce "Haba Rabi," sai na fasa, na nemi wuri kusa da ita na zauna.

Rabi ta ce, "Koma ki sake, ƴata. Miya daban. Kada ki tsaya a kansa."

Inna ba ta bar gona mai yawa ba, kayan ɗakinta ma an raba an manta. Abin da ta bari shi ne wannan zaman da Rabi ke yi, na mutum ya danne tausayinsa don wani ya koya. Hadiza ta koma, ta yi sallama, ta ajiye, amma tsoro ya sa ta manta maganar. Sai muka ji an ɗaga murfi, daga cikin ɗaki kuma Isuhu ya ce, da muryar Inna sak, har da ƴar shaƙewar nan tata: "Auta, ci a hankali, ba mai ƙwace maka."