Ranar da Kwandasta Ya Ce a Kunna Fitila

Yayana kwandasta ne kafin ya zama ɗan wasan barkwanci, kuma har gobe Kwandasta ake kiransa. A ƙofar bas ya koyi sana'ar. In mota ta maƙale a cunkoso, zafi ya ishi fasinjoji sun fara zagin direba, sai ya juya ya kwaikwayi yadda direban yake lallashin injin kamar mai rarrashin jariri. Wanda ya shigo a fusace sai ya sauka yana share hawayen dariya.

Da ya ce zai ajiye aikin ya shiga wasa, babban yayanmu ya kira shi ɗaki. "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki," in ji shi. "Ka bar albashi ka tafi washe baki a gaban mutane?"

"Yaya, ƙwan nan na daɗe da shi a baka," in ji Kwandasta. "Ya fara wari."

Babban yaya ya so ya ɗaure fuska, abin ya gagara.

Ni tela ce, ni nake ɗinka wa 'yan ƙungiyarsu kayan wasa a wani ɗan lungu bayan dandamali, tsakanin tsintsiya da karyayyun kujeru. Wata Asabar matar da ke fitowa a matsayin maƙwabciya mai masifa ba ta zo ba. Sai ga yayana ya tsaya a kaina. "Auta, masifar nan da kike mini a gida a banza, taso ki yi ta inda za a tafa miki." Na ce Allah ya kiyaye. Ya ja hannuna, da tef ɗin awo a wuyana na fita. Baki bai ba ni kunya ba, kuma tun daga ranar muke fitowa tare.

Abu ɗaya ya nace a kansa wajen koya mini. "Kada ki taka dariya. In sun fashe, ki yi shiru, ki saurara. Za ta hau, ta tsaya, ta fara sauka. Tana fara sauka ki jefa magana ta gaba. Kika riga ta, kin kashe ta. Kika makara, ta huce." A ɗakin wasanmu ana rufe labulen tagogi a kashe fitilun wajen zama, hasken duka a kanmu yake. Ba ma ganin kowa sai baƙin duhu, saboda haka da kunne muke aiki, kuma ban taɓa ganin mai kunne irin na yayana ba.

To kunnen nan ne ya fara tafiya. Da farko na ɗauka rainin wayo ne, don mutum ne da ba ya jin kira in aike ne. Sannu a hankali sai na lura yana taka dariya. Mutane na tsakiyar ƙyaƙyatawa, shi kuma ya ci gaba da zuba, maganar ta bi iska. Wani lokacin kuma ɗaki ya yi tsit, yana tsaye yana jiran abin da ya riga ya wuce. Ya sayi abin ji na saƙalawa a kunne, amma da ya matso kusa da lasifika sai ya dinga ƙara, dariyar kuma ta koma masa kamar ruwa a kan kwano. Muka gwada in riƙa taɓa ɗankunnena in lokaci ya yi. Wannan ya sa ya koma kallona maimakon mutane, wasan ya zama kamar karatun 'yan makaranta. Zuciyata ta karye, ban ɓoye masa ba.

Mai ɗakin wasa ba mugu ba ne, amma kujeru sun fara zama babu kowa. Ya ce Asabar mai zuwa ita ce ta sallama, daga nan Kwandasta ya koma koyar da sababbi a ɗakin gwaji. Yayana ya sa aka maimaita masa da ƙarfi, ya gyaɗa kai, sannan ya ce alfarma ɗaya yake nema: a bar fitilun wajen zama a kunne.

Mai ɗakin ya dafe kai. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san duhu ne ke sakin bakin mutane. A haske kowa na ganin kowa, mai kuɗi ya tuna shi mai kuɗi ne, suruki ya hango surukinsa, sai a kama kai. "Ranka ya daɗe, za ka kashe wasanka da hannunka," in ji shi.

"Ai ya riga ya kwanta," in ji yayana. "Wanda ya faɗi rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

Ni ma na yi masa masifa ta gaske, ba ta dandamali ba. Na ce gara ya sauka da mutuncinsa. Ya ce in ɗaga murya, bai ji ba, kuma na rantse wannan karon ya ji.

Ranar Asabar da la'asar aka buɗe labule, fitilu tar. Abin da muke tsoro ya faru. Na jefa masa magana, ya mayar, aka yi ɗan murmushi kamar ana biyan bashi. Mata suna rufe baki da hannu, maza suna duba waya. Gumi ya jiƙa mini baya. Yayana kuwa bai yi gaggawa ba, idonsa na bin layi layi.

A layi na uku akwai wani ƙaton mutum ya harɗe hannu a ƙirji, fuska a murtuke, amma tumbinsa na motsi. Yayana ya gani. Ya daina magana, ya tako bakin dandamali, ya harɗe nasa hannun, ya murtuke fuska, ya sa ɗan cikinsa ya yi irin motsin. Mutumin ya cije leɓe. Yayana ya cije nasa. Matar mutumin ce ta fara fashewa, shi kuma ya biyo da wata irin dariya mai shaƙewa, sai ɗakin gaba ɗaya ya ɓarke. Na ga yayana yana kallon kafaɗu suna hawa da sauka. Suna fara lafawa ya jefa magana ta gaba, daidai wurin da ya kamata, kuma har aka tashi bai taka ko ɗaya ba.

Mai ɗakin ya same mu a lungun ɗinki, ya matso kunnen yayana ya yi ihu cewa Asabar ta sama ma a bar fitila. Ni dai kuka nake, ina gode wa Allah, ina gode wa wannan mai taurin kai da ya fitar da ni daga bayan keken ɗinki kuma bai saurari shawarata ba.

Yayana ya zauna a kan karyayyar kujera yana cire takalmi. Can ya ɗago, da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa.

"Auta, ashe haka fuskokinsu suke? Shekara da shekaru ina ba su dariya, yau na fara ganinsu."