Mal-sun Ta Kama Sandar Tuƙi

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a kasuwar bakin teku ta garin Tongyeong ya san Ha Mal-sun. In bai san sunanta ba, ya san muryarta. A wani ɗan tsibiri aka haife ta, gidan masunci, ita ce autar mata. Mahaifinta yana da jirgi irin na da, wanda iska ke turawa, amma bai taɓa barinta ta taka shi ba, wai ƙafar mace tana korar kifi. Da aka sami namiji a bayanta, Deok-man, shi aka koya wa komai. Tsoho na rufe ido, Deok-man ya sayar da jirgin ya tafi birnin Busan tuƙin tasi. Abin nan ya tsaya mata a rai har ta yi furfura.

Da gwiwoyi suka hana ta tsugunon gyaran kifi, sai ta bar wa surukarta teburin. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta nufi makarantar koyon tuƙin jirgin iska da ke bayan tashar fito.

Malamin, Pyo Gwang-il, tsohon sojan ruwa ne mai kaurin wuya. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce mata wurin 'yan kallo yana ƙarƙashin rumfa.

"Kallo na ƙoshi da shi, ɗan nan," in ji ta. "Miƙo min rigar."

Ya ba ta rigar da ke hana nutsewa, ya zaunar da ita tsakiyar jirgi kamar buhun shinkafa, ya juya wajen ɗalibansa maza. Ya ce su fara sanin inda iska ke fitowa, su ji ta a kunne da kunci. Jirgi ba ya tunkarar iska kai tsaye, sai dai a karkace, a yi dama a dawo hagu. In ka tura sandar tuƙi hagu, dama jirgin zai yi. Mal-sun ta ce wanda ya ƙirƙiro wannan tsari lallai ya sha ya bugu.

Gaskiyar magana, ba ta iya ba. Ranar da aka ba ta ƙaramin jirgi ita kaɗai, ta tura sandar inda bai kamata ba, gungumen da ke ƙasan zanen da ke tare wa jirgin iska ya kewayo ya buge ta a ƙeya, jirgi ya kife. Ta fito tana amayar da ruwan gishiri, mazan suna ƙunshe dariya. Labari ya kai Busan, Deok-man ya bugo waya.

"Yaya, ki rufa wa kanki asiri. Da tsufanki?"

"Wanda ya sayar da jirgin ubansa don ya riƙa buɗe wa mashaya ƙofar mota, shi zai koya min rufin asiri?" Ta kashe wayar.

Washegari ta tare Pyo a gaban kowa. Ta ce mazan nan yana shiga jirgi da su, yana riƙe musu hannu, ita kuwa ya tura ta ruwa kamar mai jefar da shara, yana jira ta gaji ta tafi. Pyo bai musa ba. Ya shiga jirgi tare da ita, ya zauna a gefenta.

Suka fita. Ta damƙe igiyar zanen tana ja, tana tsine wa Deok-man a fili, jirgi ya kwanta gefe har ruwa yana shigowa.

"Iya, igiyar nan ba wuyan ƙaninki ba ce," in ji Pyo. "Sassauta."

Ta harare shi, amma ta saki kaɗan. Jirgin ya miƙe, zanen ya cika, ruwa ya fara tsagewa a gaba. Da lokacin juyi ya yi ta duƙa da kanta, gungumen ya wuce ta bisa kanta. Ba ta yi godiya ba. Cewa ta yi da ya faɗa mata haka tun farko, da ba ta sha ruwan ba.

Kafin kaka ta ƙare tana ƙetare mashigin tekun ta dawo, duk da har yanzu takan bugi gefen tasha wajen tsayawa. Makarantar ta gayyato ɗan jarida ya ɗauki hoton ɗalibar da ta fi kowa tsufa. Ya roƙe ta ta riƙe igiya a kan tudu ta yi murmushi. Ta ce masa ita ba biri ba ce a hannun mai wasa, in hoto yake so ya nemi jirgi ya biyo ta. Ta kwance nata, ta duba iska, ta fita. Ɗan jaridar ya tsaya jira har yunwa ta kore shi.