Safiyar da ordinatar Yaya ta cinye mana gefen gona

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta safiyar da muka rasa gefen gonarmu a gaban mai gari ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai takaicin ya dawo mini sabo.

Ina aiki a ɗan gidan likita na ƙauyenmu, can wajen Korgom. Ba mu da wutar lantarki. Ɗan fano na hasken rana gare ni bisa rufin ɗaki, shi ke cika mini salula, da ita kuma nake komai nawa: kiran babban likita in haihuwa ta zo da gardama, aika saƙo, ɗaukar hoto, har haska ɗaki.

Shekarar da Baba ya fara jin jiki, wata rana da rani ya ce in ɗauko wayar in biyo shi gona. Iyakar gona a wurinmu ba siminti ake sa mata ba. Tushen gamba ne, da itatuwa, da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Ya dogara sanda yana tafe yana nunawa, ni ina ɗauka. "Ɗauki nan da kyau, ɗiyata. Daga gambar nan har bayan gawon can, namu ne." Allah da ikonSa, tsohon da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu yana wurin yana tattara kara. Ya matso, ya fito cikin hoton sarai, ya ce, "Haka ne, Malam, iyakar ke nan tun iyayenmu." Ba a yi shekara biyu ba duka tsofaffin nan suka riga mu gidan gaskiya.

Yayana, wanda ke aikin biro, wato ofis, a Maraɗi, ya zo zaman makokin Baba da ordinatarsa, kwamfutar nan tasa ta hannu, rataye a jaka. Na nuna masa bidiyon. Ya yi hawaye, ya share, sai kuma ya hau ni da faɗa. "Ke yanzu abu mai girma haka kika bari cikin salula? Gobe ta faɗa rijiya, ko a zare miki ita ranar kasuwa! Salula kayan hira ce. Ajiya sai ordinatar." Ban yi musu ba, don maganar rijiyar gaskiya ce. Ya haɗa igiya ya kwashe bidiyon zuwa ordinatar. Sai bayan ya tafi na duba na ga wayam, ashe ya goge nawa. Da na kira shi cewa ya yi wai wuri ya samar mini, abin kuma yana inda ya fi tsaro. Na haɗiye, don yaya ne.

Bazara na ƙaratowa, ɗan tsohon nan maƙwabcinmu ya shiga sharar gona, ya tumɓuke gambar iyaka tas ya cinna mata wuta, ya ce gonarsu ta wuce gawon. Ai kuwa ban ko ɗaga murya ba, na san abin da muke da shi. Mai gari ya sa ranar zama. Na kira Yaya na roƙe shi ya turo mini bidiyon ta waya. Ya ce a'a. Wai ba a zuwa gaban dattawa da 'yar waya kamar masu kallon wasan dariya, idanunsu ma ba za su gani ba, shi zai zo da kansa ya nuna musu a babban allo. Sau uku ina roƙonsa, sau uku yana ce mini in bar wa manya aikinsu.

Ana gobe zama, ruwan shuka ya sauka. Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da wannan ke nufi: gari na wayewa kowa sungumi ne a kafaɗa, don in laima ta tsere sai kuma wani ruwan, wanda ba wanda ya san ranarsa. Dattawa suka zauna ƙofar gidan mai gari, kowa hankalinsa na gona. Mu mata muna daga bayan darni muna leƙe.

Sai ga Yaya bisa kabu-kabu daga Tasawa, wandonsa duk taɓo. Ya gaisa, ya zauna, ya zuge jaka a hankali don kowa ya gani. Ya buɗe ordinatar. Ta kawo haske, ta yi ta juye-juyenta, ana jira, ana jira. Ya sa lambobin sirri, ya fara neman inda ya ajiye. Yana cewa "Yauwa, ga shi nan," allon ya yi ɗif.

Ya danna, ya sake dannawa, ya kifa ta ya hura mata iska. Ina! Ashe batirinta ya daɗe da lalacewa, a biro kullum a jone take da wuta, shi kuma bai taɓa damuwa ba. Sai na ji ya ɗaga kai yana tambaya, "Ina za a samu wurin jona wuta?" A ƙauyenmu fa, inda aka haife shi! Wasu suka sunkuyar da kai suna dariya. Na ruga gida na sauko da fanona, ko takalmi ban sa ba. Ya duba ya ce bakin ba ɗaya ba ne, kuma ƙarfinsa bai isa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, kusan kowane namiji a wurin da salula cikin aljihunsa, cike da caji. Da ya turo mini, da ko a wayar ɗan kabu-kabun sai an kalla.

Mai gari ya yi haƙuri iya gwargwado. Can ya ce, "Ɗana, rana tana hawa, mutane na son shuka. Tunda shaida ba ta samu ba, a raba wurin biyu, kowa ya yi haƙuri. Ka yarda?" Na ɗaga murya daga bayan darni, "Yaya, kar ka yarda! A ɗaga zaman!" Gwaggona ta fizgo mini hijabi ta ce in rufe baki, maza na magana. Shi kuwa kunya ta gama rufe shi, so yake kawai a tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda." Aka shafa fatiha. Gawon ya faɗa rabon maƙwabci, kafin azahar har ya shuke wurin da hatsi.

Kwana biyu bayan haka na bi Yaya Tasawa, muka jona ordinatar a shagon masu fotokofi. Ga Baba da sandarsa, ga tsohon nan yana cewa haka ne. Ina kuka, sai na ji Yaya ya ce, "Kin gani ko? Dubi yadda ya fito tar. A salula za ki ga haka?" Wallahi ban taɓa yi masa tsawa ba sai ran nan. Na ce, "Yaya, wa zai gani? Masu fotokofi ne za su mayar mana da gona?" Na sa ya zuba mini bidiyon a wayata na kai wa mai gari. Ya kalla har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce babbanmu ya yarda da bakinsa, an shafa fatiha, an kuma yi shuka, shi ba ya tayar da maganar da aka rufe.

Ban tsani ordinatar ba, na san a biro mai wuta ta fi salula aiki nesa ba kusa ba. Amma na koyi cewa kayan aiki ba da girmansa ake auna shi ba, da wurin da za a more shi ne. Kuma abin da ba ni da kamarsa, ba na sake yarda a ajiye shi wuri ɗaya, ko wa ya ce. Haushina mafi girma a kaina yake: na san ƙauyenmu, na san ba wuta, na yi shiru don kar a ce na raina yaya. Ladabin nan nawa, da gonar Baba muka biya shi.