Tayar da Kawu Ya Cusa wa Ciyawa

Jiya a Kafanchan na wuce rumfar mai gyaran keke, na ji warin gam ɗin faci, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shekara guda ke nan da muka binne shi.

Shi ya goya ni a kekensa daga Madakiya zuwa Kachia ranar intabiyun shiga kwaleji. Duk wanda bai isa ba kafin ƙarfe huɗu, wani za a ba gurbinsa. Tun asuba tsakuwa ke jijjiga mu har haƙorana suna haɗuwa. Da azahar tayar baya ta fashe, tsagar ta fi ƙarfin faci. Rafin da muka haye ya cika a bayanmu, gaba kuma babu gari, babu mota. Na zauna rungume da takarduna.

"Ɗan boko, littafinka ya ce mu yi yaya?" in ji Kawu.

Ya nuna mini bakin hanya.

"To tashi ka yago ciyawa."

Ya zare tif ɗin cikin tayar, ya dinga cusa ciyawa da tsinke har tayar ta yi tauri. Amma tayar ciyawa ba ta ɗaukar mutum biyu. Ya miƙo mini keken.

"Hau. Ni ba wanda ke jirana da tambaya."

Na isa a kan lokaci. Shi kuwa sai washegari ya iso, ƙafafunsa a kumbure. Kunya ta hana ni ce masa na gode, har ya rasu.

Ubangiji ya hutar da ƙafafun nan, ya kuma isar masa da godiyar da bakina ya kasa faɗa.