Wadda Ba Ta da Mai Jinya

Shekarar da na yi ɓarin cikina na biyu, ina aikin naɗe alewa a wani kamfani a Sharaɗa. Daga bakin inji aka kwashe ni zuwa asibiti, aka yi mini wankin ciki, aka kwantar da ni a ɗakin mata mai gado takwas. Inna, mahaifiyata, ta baro shukar albasarta a Challawa ta zo jinya.

A asibiti, wadda ba ta da mai jinya ta shiga uku. Mai jinya ce ke karɓo magani, ta zubar da fo, ta kira nas. Kowaccenmu da tata, ban da wata 'yar Filato a gadon ƙarshe, ma'aikaciyar kamfanin fata. Tun kafin Inna ta iso labarin matar ya zaga ɗakin: wai ba ɓari ta yi ba, zubarwa ta yi. Nas ba ta zage ta ba, amma takan yi mata allura ba ko sannu. Mu ma ba mu ce mata ba.

Inna ba ta san da wannan ba. A wurinta duk wadda ke kwance a ɗakin nan, Allah ne ya karɓi abinsa. Ta bi gado-gado da fulas ɗin kunun kanwa tana cewa Allah ya mayar da alheri. A gadon ƙarshe ta fi daɗewa, har da gyara wa baiwar Allah zani.

Ni na tsegunta wa Inna, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Haushi nake ji, ina kukan abin da wata ta yar.

"Inna, kun san abin da ta yi kuwa?"

Ta saurare ni har na gama. Inna ba ta da wasa a irin wannan magana, mu da ta haifa mun sha faɗa. Ta ɗauki carbinta, yinin ranar ba ta ƙara kallon gadon ba.

Washegari da hantsi zazzaɓi ya rufe matar. Nas ta rubuta takarda ta ɗaga sama.

"Wa ke jinyar wannan? Yanzu ake son maganin nan."

Matar ta kama ƙarfen gado za ta tashi da kanta, ƙafafunta suka ƙi. Sai na ga Inna ta yafa mayafi, ta karɓi takardar.

"Hajiya, 'yarku ce?" in ji nas.

"Kin ga wata uwar a nan ta tashi?"

Da ta dawo da maganin, ta tallafo kan matar a kafaɗarta. Ina jin su daga gadona.

"Mama, kun ji abin da na yi?"

"Na ji," Inna ta ce. "Buɗe baki."