Matar da ta maƙale a motarmu

Shekarar da na fara aikin lodin jakunkunan alhazai a filin jirgin Madina, mu uku ne a ɗaki guda a unguwar Aƙiƙ: ni, da wani dattijo ɗan Kano da muke kira Baba, da wani mutumin Maraɗi da ya yi boko da Faransanci. Mutumin Maraɗin ne ya sayi wata tsohuwar mota da ke kai mu aiki kullum.

Motar ta zo da faifai maƙale a rediyonta. Ba ya fita, maɓallin kashewa kuma ya karye. Da an tayar da inji sai wata mata ta soma waƙar Faransanci, irin ta dandalin wasan kwaikwayon Turawa. Kiɗan yana takawa ɗaiɗai kamar jakin da ya ƙoshi, muryarta tana gangarowa a hankali, can sai ta ƙwalla ƙara, wasu ƙarti su amsa mata baki ɗaya.

Baba ya yanke hukunci cewa mijinta ne ya rasu, ƙartin kuma 'yan zaman makoki ne. Duk sanda ta kai wurin ƙarar sai ya girgiza kai ya ce Allah ya ba ta haƙuri. Wata biyu yana haka. Har ni na fara jin tausayinta.

Ran nan muna tsaye a danja, mai motar ya kasa daurewa, ya tuntsire da dariya.

"Baba, wallahi ba wanda ya mutu. Yanga take wa maza. Gargaɗi take yi, duk wanda ya kamu da sonta ya shiga uku."

Baba ya tambaya, to ƙartin fa? Aka ce masa manemanta ne. Danja na sakinmu ya ce a tsaya ya sauka. Babu wurin tsayawa a titin, sai ya cire hularsa ya toshe lasifikar ƙofa, ya danne da gwiwa har filin jirgi.

Ranar hutu ya tasa mu gaba zuwa wurin wani bakanike a unguwar Ranuna, jikan Hausawa, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Baba ya zayyana masa laifin matar tun daga tushe. Bakaniken ya saurara har ƙarshe, ya sa sukundireba ya zaro faifan, ya ce, "Khalas, ya hajj," wato shi ke nan, Alhaji.

Baba ya karɓa, ya rataye shi da zare a tagarmu, wai ƙyallinsa zai kori tattabarun da ke ɓata mana shanya. Tattabarun kuwa sai suka ƙaru.